Yajin Jego da Jirgin Ran Talata

In ka taɓa shiga mota a tashar Funtuwa, daga shekarar da aka koma tuƙin hannun dama har zuwa ƙarshen shekarun tamanin, to ka san Sanda Kamasho. Ko ba ka san sunansa ba, ka san muryarsa. Gajere ne kakkaura, ido ɗaya ke aiki, hula kullum a ƙeya, kuma in ya buɗe baki ya kira Malumfashi har masu tallan rake na ƙetaren titi sai sun waiwayo. Da yawa sun ɗauke shi mafaɗaci, alhali faɗan nasa iyakarsa baki.

Asalinsa mutumin Ƙarfi ne, ɗan manoma. Yana saurayi ya rako auduga wurin awo a kan jaki, ya ga babbar mota ta zo kwasa, shi ke nan noma ya fita ransa. Ubansa ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya gaji ya zuba masa ido. Shekara goma sha ɗaya Sanda yana jan motar auduga, har ranar da wani ƙarfe ya ɓalle daga jak ya same shi a idon hagu. Da ido ɗaya kuwa ba mai ba ka mota. Sai ya zauna a tasha yana cika wa wasu motocin da shi ba zai ƙara tuƙawa ba, da damina kuma ya koma wa fartanyar da ya guje wa, a 'yar gonarsa ta bayan gari.

Abin da ya ɗaga sunansa ba cika mota ba ne, kowa ma ya iya wannan. Saƙo ne. Duk abin da ka danƙa a hannun Sanda, ka je ka yi barcinka. Ya taɓa aika rago Kwantagora ana saura kwana biyu Sallah, ya isa da ransa. Ya aika wa wani tsoho tabarau Musawa, ya aika keken ɗinki Mahuta cikin tsakiyar damina, lokacin da direbobi ke rantsuwa ba za su bi hanyar ba. Hanyar aikinsa ɗaya ce, bai taɓa canja ta ba. Zai dubi direba da idon nan nasa, ya faɗa masa sunan mai saƙo, da sunan ubansa, da wanda za a tambaya in an sauka, sannan ya damƙa masa goro biyu. In hanya ta fi ƙarfin direba ɗaya, shi ma ya yi wa na gaba haka, hannu da hannu. Gidan waya kuwa ko sunansa ba ya son ji. Ya ce wurin da za ka jefa kayanka cikin rami ka tafi, in ya ɓata wuyan wa za ka kama?

Nisa ma ba ya auna shi da mil. Ka tambaye shi Gusau, ya ce awa biyu. Ka tambaye shi Zariya, ya ce awa ɗaya da 'yan kai. Malumfashi minti hamsin da biyar ne, in direba bai tsaya cin tsire a Bakori ba. Wannan hanya ta Malumfashi ita ya fi sani, don a can 'yarsa Lauratu take.

Ita kaɗai ce mace cikin 'ya'yan da shi da matarsa Kulu suka haifa. Mazan sun koma Ƙarfi gonar kakansu, ita kuwa ta bi boko har ta zama unguwarzoma ta asibiti, abin da ya jawo wa Sanda surutu ba kaɗan ba, shi kuma ya rama da wanda ya fi shi. Ta auri Malam Abdussamad, malamin lissafi a makarantar sakandare, mutum mai sanyin magana da in ya gaishe ka sai ka matso kusa. Kowace Asabar Lauratu tana cikin motar farko daga Malumfashi. Sanda zai yi kamar bai gan ta ba har ya gama sallamar fasinja, sannan ya karɓi jakarta yana mitar ta cika kaya.

A shekarar tamanin da takwas gwamnati ta ɗebi malamai da ma'aikatan jinya za ta ba wasu ƙasashe aro na shekara biyu. Sunan Abdussamad ya fito, aka ce har da iyalinsa. Da suka zo sallama ya faɗi sunan ƙasar sau uku, Sanda bai iya maimaitawa ba. Abin da dai ya kama shi ne tsibirai ne a tsakiyar wani teku mai nisa, inda in rana ta fito musu mu nan ta faɗi. Ya raka su har bakin motar Kano, ya zaɓa musu gidan gaba, ya yi wa direban kashedi kan gudu. Asabar ta farko bayan tafiyarsu, motar Malumfashi ta shigo, ya tsinci kansa yana leƙa taga.

Wasiƙa takan yi mako uku, wani lokaci huɗu. Sanda ajami kaɗai ya iya, don haka mai karanta masa shi ne Clement, mai shagon kayan gyaran mota a ƙofar tasha. Haifaffen Funtuwa ne, ɗan Adaku mai manja, yaƙi ya kwashe su ya kai kudu, ana gamawa suka dawo, Hausa a bakinsa kamar ta mutanen Bakori. Da la'asar sai ya rufe shago ya bi Sanda gida, su zauna a zaure, Kulu kuma ta tsaya bayan ƙofar ciki tana ji.

A wasiƙar farko Lauratu ta jera musu tafiyar: daga Legas awa kaza zuwa Turai, daga can awa kaza, aka kwana a hanya, aka sake tashi, har aka sauka a babban tsibirin da fadar ƙasar take. Amma su ba nan aka ajiye su ba. An tura su wani ƙaramin tsibiri da mil ɗari da sittin ke tsakaninsa da babban, ba komai a tsakani sai ruwa. Wani ɗan jirgin sama mai cin mutum goma sha tara ne ke zuwa, ran Talata kaɗai, shi ma in iska ta yarda. Kafin ka shiga sai an ɗora ka a sikeli kai da kayanka. Tafiyar minti hamsin da biyar ce.

Duk awoyin nan na farko sun wuce ta saman kan Sanda. Da aka zo minti hamsin da biyar sai ya gyara zama. Ya sa Clement ya maimaita, sannan ya juya wajen ƙofar ciki ya ce wa Kulu ta kwantar da hankalinta, ashe yarinyar Malumfashi kawai ta koma. Daga ranar babban tsibiri ya zama Funtuwar teku a bakinsa, ƙaramin kuma Malumfashin teku. Clement ya yi ƙoƙarin nuna masa cewa mil ɗari da sittin ya wuce daga nan zuwa Gusau nesa ba kusa ba, kuma ba inda za ka tsaya ka sha ruwa in inji ya yi zafi. Sanda ya ce shi bai tambaye shi mil ba. Zancen sikelin ma burge shi ya yi, ya ce ashe su ma suna da kamasho mai hankali.

Gaskiyar magana, riƙe lissafin ya yi don ya fi sauƙin ɗauka. Kewar yarinyar tana cinsa, ba ya kuma da wanda zai faɗa wa. In ya tuna awa talatin da wani abu a sama sai ƙirjinsa ya yi nauyi. In ya tuna minti hamsin da biyar sai ya ga kamar zai iya cika mota ya bi bayanta.

Ana tsakiyar rani wasiƙa ta zo da albishir: Lauratu na da ciki, haihuwa farkon damina. Haihuwar fari kuwa a gidan iyaye ake yin ta. Uwa ce ke dafa ruwan wanka safe da yamma har kwana arba'in, ta dama kunun kanwa, ta dafa ƙauri da yaji. Lauratu ta ce zuwa ba zai yiwu ba, hanyar ta yi tsawo, likita ma ya hana. Can ƙasan takardar sai ga wani layi da Clement ya karanta yana murmushi. Ita Lauratun da ta shekara biyar tana yi wa matan Malumfashi faɗa kan yawan kanwa da ruwa mai tsananin zafi, ita ce yau take roƙon yajin Inna, ko cikin cokali ne. Ta ce can kifi ne da kwakwa da rogo, safe da rana, har mafarkin daddawa take yi. Abdussamad kuma ya ƙara da nasa hannun cewa wani abokin aikinsu, Mista Oluwole, wanda ke koyarwa a babban tsibiri, zai zo gida Offa, kusa da Ilori, jana'izar mahaifinsa, zai koma ƙarshen watan Mayu.

Kulu ba ta jira an ce mata komai ba. Kwana uku turmi na ƙara a gidan. Citta, kanumfari, masoro, kimba, barkono, duk ita ta zaɓo da hannunta a kasuwa, ta shanya, ta daka, ta tankaɗe, maƙwabta suna atishawa suna yi mata barka. Ta cika gwangwani biyu da yaji, ta haɗa da daddawa, da kuka, da dunƙulen kanwa ungurnu mai kyau. Da ta rasa abin naɗewa sai ta jawo wani tsohon zanenta na saƙi ta ƙulle su ciki.

Nan aka yi gardamar da Clement bai manta ba. Shi ya ce a kai gidan waya, a cika takardar da ke faɗin abin da ke ciki, ko kuma Oluwole ya ajiye kayan a gidansa har Abdussamad ya samu hutu ya haye ya karɓa. Sanda ya ji kamar an zage shi. Hutu yaushe? Bayan arba'in, a yi me da yajin jego? Ga jirgi na zuwa kowace Talata, ga direbansa, mutum kamar kowa, a ce sai an jira hutu?

"Baba Kamasho, direban jirgi fa ba ya karɓar saƙo," in ji Clement.

"Kai dai rubuta. Ba a haifi direban da za a ce masa ga na mai jego ya ƙi ba."

Clement ya rubuta da Turanci, kalma da kalma yadda aka faɗa masa: a ba direban jirgin ran Talata, hannu da hannu, ya kai wa Lauratu 'yar Sanda Kamasho na Funtuwa, matar malamin lissafi, in ya sauka ya tambayi kowa. Goro biyun da ke cikin ganye nasa ne. Aka kuma rubuta wa Oluwole tasa takardar daban, ana roƙonsa don Allah kada kayan su kwana biyu a hannunsa.

Ummaru, direban da ke kai dawa Ilori, shi ya ɗauka. Ya bi ta Birnin Gwari da Tegina, ya haye gadar Jaba, a Ilori ya damƙa wa wani mai motar Offa. Da ya dawo ya kawo shaida: an ga Oluwole, dogo mai tabarau, ya karɓa da hannu biyu, ya ce a gaishe da Baba. Sanda ya yi kwana biyu yana yawo a tasha yana ba da labarin ga wanda ya tambaya da wanda bai tambaya ba.

Ya zauna ya lissafa Talatar da kayan za su haye. Ranar da safe ya cika motar Malumfashi ta farko, ya buga mata gefe, ya dubi agogonsa. Bai ƙara kiran fasinja ba, ya bar wa abokan aiki, ya koma kan benci. Da minti goma sha biyar ya cika ya ce a ransa sun wuce Bakori. Yana ganin ɗan jirgin a idon zuciyarsa, da ƙunshin a ƙarƙashin kujerar direba, inda saƙo mai daraja ke zama. Clement ya leƙo ya gaya masa ai su can Talatarsu ta kusa ƙarewa, jirgin ya je ya dawo tun shi yana barci. Sanda ya ɗaga masa hannu alamar ya ƙyale shi. Da lokaci ya cika cif ya miƙe, ya tafi gida da ƙafa, ya tsaya tsakar gida ya ce wa Kulu ya isa.

Wasiƙar haihuwa ta zo ana noman farko. 'Ya mace, uwa da jaririya lafiya, Abdussamad ne ya rubuta cikin gaggawa, layi shida. Ba a ambaci saƙo ba. Sanda ya ce ɗokin haihuwa ne ya mantar da shi. Aka raba goro a tasha, aka yi addu'a, Kulu ta yi tuwon suna ta aika gida gida ba jaririya ba mai jego. Tana ƙirga kwanaki da bakinta, yau ashirin da takwas, yau talatin, tana faɗin abin da ya kamata a ce ana yi mata a ranar. Sanda kuwa kullum sai ya bi ta shagon Clement ya tambayi wani abu da ba ya bukata, don dai a ce masa takarda ta zo. Arba'in ta zo ta wuce, ba labari.

Sai da masara ta nuna ta Lauratu ta iso, mai kauri, shafi uku. Suka zauna a zaure bayan la'asar, ana yayyafi. Ta yi gaisuwa, ta kwatanta yarinyar, ta ce hancin Baba ta ɗauko, Allah ya kyauta. Sannan Clement ya rage murya, ya ɗan tsaya, Sanda ya ce masa ya ci gaba.

Mista Oluwole ya cika alkawari. Ya shiga da ƙunshin cikin akwatinsa har babban tsibiri, Talatar farko kuma ya tafi filin jirgi da shi kamar yadda takarda ta ce, yana neman direba. Ba a bar shi ya gan shi ba. Ma'aikatan wurin suka kwance, suka ga jan gari ba suna, da koren gari, da wani baƙin abu mai wari, da dutse mai toka toka. Ba wanda ya taɓa ganin irinsu. Dokar wurin kuma ba ta yarda a haye da tsiro ko abincin da ba a tantance ba zuwa ƙananan tsibirai, saboda cutar amfanin gona. Oluwole ya yi bayani har ya gaji. Suka riƙe kayan mako biyar suna jiran mai dubawa, da ya zo ya ce a ƙone. Har goron.

Sanda bai motsa ba. Shekara goma sha shida yana aikin nan bai taɓa jin an ce saƙonsa ya tsaya a hanya ba, sai wannan, wanda ya ƙetare rabin duniya lafiya ya zo ya mutu saura minti hamsin da biyar. Kuma ya san da bakinsa ya kashe shi. Da ya bari an ajiye a gidan Oluwole, da ko bayan arba'in ne ta ci. Clement bai ɗago kai ya dube shi ba, bai kuma taɓa tayar da maganar ba har abada.

Akwai saura a shafi na uku. Zanen da takardar Clement ba su cikin abin da doka ta hana, sai aka bar su kan tebur. Direban jirgin ya gani, ya karanta, ya yi dariya, ya sake karantawa, sannan ya naɗe zanen ya shiga da shi. Da ya sauka ya tambayi matar malamin lissafi, aka nuna masa, ya taka da ƙafarsa har ƙofar gida ya ba ta a hannu. Ranar jaririya na da kwana talatin da huɗu.

"Inna, ban wanke shi ba," Clement ya karanta. "Yaji da daddawa sun kama shi. In na shayar da ita na gama sai in sa fuskata a ciki, in ji kamar ina tsakar gidanmu kina daka. Amma iskar nan ta teku tana cinye ƙamshin. A da, ina buɗewa nake ji. Yanzu sai na daɗe ina nema."

Sanda ya sa hannu ya rufe idonsa mai gani. Ya so ya ce ai ga shi direban ya karɓa, ya kai hannu da hannu, kamar yadda ya faɗa. Amma ya san maganar ba ta da amfani ga kowa. Abin da yake so kawai shi ne ya ga 'yarsa ta sauko daga mota.

Daga bayan ƙofa Kulu ta yi magana, ita da ba ta taɓa sa baki in ana karatu ba.

"Ɗan Adaku, ba ta faɗi wanda ya dafa mata ruwa ba?"

Clement ya koma shafin farko ya bi da yatsa, ya bi na biyu, ya bi na uku. Ya juya bayan takardar, ba rubutu. Ya ce ba ta faɗa ba.